Yadda zaka ci hot pot ka kuma samu hoto mai kyau

In ka shiga gidan hot pot, wato gidan abincin da ake ajiye tukunyar romo kan wuta a tsakiyar tebur kuna dafa nama da ganye a ciki da kanku, abu na farko tun kafin ka gyara zama shine ka tambaya da me aka haɗa romon, don gidaje da yawa da ƙashin alade suke dafa farin romo, kuma a menu zaka iya ganin jinin agwagwa har da ƙwaƙwalwar alade. Mai kiyaye halal a Chaina ya nemi gidan da ke da alamar qingzhen, wato halal da Sinanci, yawanci na Musulman ƙabilar Hui ne, irin Donglaishun na Beijing wanda ya faro tun 1903, su tukunyar tagulla ce mai gawayi a tsakiya, da naman tunkiya yankan falle-falle.

Ka zaɓi tukunya mai gida biyu, ɓangare ɗaya yaji ɗaya mara yaji. Romon birnin Chongqing da kitsen shanu ake yinsa da jan barkono da wani ɗan yaji na Sichuan mai sa leɓe da harshe su riƙa zir-zir, in baka saba ba zaka gode Allah da akwai ɗaya ɓangaren.

Toh maganar hoto, lokacinka ɗan kaɗan ne wallahi, daga sanda aka jera farantai zuwa sanda romo ya fara tafasa, nan ne komai yake da kyau, naman yana nan a nannaɗe da jansa, ganye bai yaushi ba, tebur bai ɓaci ba. Da tururi ya tashi kyamara zata yi hazo kuma naman da ya fara sakin sanyi sai ya kwanta a faranti. Ka goge idon kyamara, ka kashe filashi saboda yana haska man da ke saman romo hoton ya fito da ƙyalli mara daɗin gani, in akwai kujera kusa da taga ita zaka nema. Ka miƙe ka ɗauka daga sama tukunya a tsakiya farantai kewaye, ka kau da tishu da makulli da caja. Hoto na biyu kuma, wanda ni na fi so, abokin cinka ya ɗago yanka ɗaya da tsinken cin abinci a saman tukunya kai kuma ka ja baya kayi zum sau biyu, wayarka ta tsira daga tururi kuma naman ya fito sosai. In kana son tururin ya bayyana sai haske ya zo daga bayansa ko gefe, bangon kuma ya zama mai duhu. Dan Allah ka kula kar fuskar mutanen wani tebur ta shiga, basu zo don a ɗauke su ba.

Daga nan a ajiye waya a ci abinci. Fara zuba masu jimawa kamar dankali da masara da laimar kwaɗi, su suna ƙasa suna nuna a hankali. Siririn nama kuwa baya wuce daƙiƙa 15 zuwa 20, ka riƙe shi kana tsomawa har jan ya ɓace, in ka sake shi ya ɓuya a ƙasa sai yayi tauri. Kaza da ƙwallon kifi a barsu su dahu har ciki. Ganye ka sa a ɓangaren mara yaji don yana kwasar mai da barkono sosai, taliya kuma sai ƙarshe lokacin da romon ya ɗauki ɗanɗanon komai, kuma tana sa shi kauri.

Tsinken da ka taɓa ɗanyen nama dashi kar ya je bakinka, ka ware wani daban. Abin dangwale kuma, in romon yaji ne man riɗi da dakakkiyar tafarnuwa zaka haɗa kamar yadda mutanen Chongqing suke yi, yana rage zafin, in naman tunkiya ne irin na Beijing to markaɗaɗɗen riɗi mai kauri ya fi dacewa dashi.