Darasi na Bakwai: Ɓatan Wata da Tsinken Gwajin Ciki

Idan matar aure ta ga lokacin al'adarta ya yi, ya wuce, shiru ba labari, abin da ke fara zuwa mata a rai shi ne ko an samu rabo. Wata murna za ta yi, wata gabanta ne zai faɗi saboda goyon da ke bayanta bai isa yaye ba. Duka biyun tambayarsu ɗaya ce: yaya zan tabbatar? A wannan darasi za mu ga abin da jiki ke nunawa a farkon juna biyu, sannan mu koyi karanta ɗan tsinken nan da ake sayarwa a kemis, wanda masu shago ke kira PT.

Abin da jiki ke faɗa

Babbar alama ita ce ɓatan wata. Sauran suna biyo baya, kuma kowace mace da irin nata. Nono kan cika ya yi nauyi, ko riga ta goge shi sai a ji zafi, kewayen kansa ya ƙara duhu. Kasala kan sauko, mace ta idar da sallar walha ta ji ba abin da take so sai tabarma. Fitsari kan yawaita, har cikin dare. Laulayi yakan fara ne wajen mako na 6, da tashin zuciya da tara yawu a baki, ƙamshin daddawa ko suyar albasa da aka saba da shi ya zama abin gudu, sai kuma kwaɗayin tsami, ɗanyen mangwaro ko tsamiya ko yalo. Wasu kan ga ɗan ɗigon jini kaɗan, kwana ɗaya ko biyu, wanda bai kai al'ada ba, su ɗauka ita ce ta zo a gurguje.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tabbatar da ciki. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo kasala da tashin zuciya. Ciwon sanyi na mafitsara yana kawo yawan fitsari. Nono kan yi tsami ko da al'ada ce ke tafe. Ita kanta al'adar takan ɗauke saboda shayarwa, ko allurar tazarar haihuwa ta wata 3, ko ashanar da ake sa wa a hannu, ko rashin lafiya, ko damuwa mai tsanani, ko kuma shekaru sun fara ja. Akwai kuma matan da za su kai wata 3 da ciki ba su taɓa jin ko tashin zuciya ba.

Iyayenmu kan dubi amarya su ce ta yi fari, ko su duba ƙasan idonta da tafin hannunta, su yi murmushi. Sau da yawa sukan dace, domin sun ga jiya sun ga yau. Amma wannan hasken na ido da tafin hannu shi ne kuma alamar ƙarancin jini, saboda haka ba a dogara da shi.

Me tsinken yake nema a cikin fitsari?

Bayan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, yakan ɗauki kwana 6 zuwa 12 kafin ya manne a jikin mahaifa. Sai ya manne ne jiki ke fara fitar da wani sinadari da likitoci ke kira hCG. Yana shiga jini, daga nan ya fito ta fitsari. A farko ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, amma yana ninkuwa kusan duk bayan kwana 2 ko 3, har ya kai ƙololuwa wajen mako na 10. Aikin tsinken ɗaya ne tak, ya gano wannan sinadari.

Kamar gishiri ne a tukunyar miya. Idan ɗan kaɗan aka barbaɗa, ko aka tsuga ruwa, harshe ba zai ji shi ba, alhali yana ciki. To haka tsinken yake. Matar da ta gwada tun kafin ranar al'adarta ta yi, ko ta sha ruwa kofi uku ta gwada da tsakar rana, tana iya ganin "babu" kuma ga ciki kwance.

A jikin kwali za ki ga an rubuta 99%, wato a cikin gwaji 100, 99 daidai ne. Wannan lissafi yana tsayawa ne idan an yi gwajin a kan ƙa'ida, kuma daga ranar da al'ada ta ƙi zuwa. Wadda ta yi gaggawa ba ta cikin wannan lissafi.

Rana ita ce komai

Shi ya sa rubutun da kike koyo a wannan aji zai yi miki rana. Ware shafin ƙarshe na littafinki, duk wata ki rubuta ranar da kika fara fashin sallah. Da kalandar Musulunci ko ta bature, duk ɗaya ne, muddin kin tsaya a kan guda. Bayan wata 3 ko 4 za ki ga tazarar da ke tsakanin al'adarki. Yawancin mata tasu tana tsakanin kwana 21 zuwa 35.

Ga misali. Mace ta fara al'ada ran 1 ga Maris, kuma tazararta kwana 28 ce. Ke nan tana sa ran wata ran 29 ga Maris. Idan ba ta gani ba, daga wannan rana tana iya gwadawa. In tsinke ya ce babu, kuma har yanzu shiru, sai ta sake da sabon tsinke ran 5 ga Afrilu, bayan mako guda. Wannan gwaji na biyu ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, ko mai goyon da ba ta fara gani ba tun bayan haihuwa, sai ta ƙirga kwana 21 daga ranar ƙarshe da ta sadu da maigida, sannan ta gwada. A nan akwai abin da ya kamata mai shayarwa ta riƙe: ƙwai yana iya fitowa kafin jinin farko ya dawo. Don haka ne ake yin kwanika ba tare da an ga al'ada ko sau ɗaya ba. Shayarwa tana ba da kariya mai ƙarfi ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba.

Yadda ake gwadawa

Tun a shago aikin ke farawa. Duba bayan ledar, nemi haruffa uku, EXP. Lambobin da ke gabansu su ne wata da shekarar da tsinken zai lalace. Idan an rubuta 08/2027, yana nufin watan 8, wato Agusta, na shekarar 2027. Duba kuma lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ki tabbatar ledar ba ta huje ba. Ana son a ajiye shi a wurin da zafi bai wuce digiri 30 ba, ga shi kuwa a watan Afrilu garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi kan haura 40. Tsinken da ya yi wata da watanni a kan tiren mai talla a cikin rana, ko a shagon kwano da ke turara, ba abin amincewa ba ne. Gara ki saya inda kaya ba sa daɗewa, kuma in da hali ki sayi biyu.

Da asuba, kafin ki sha komai, tari fitsarin farko a busasshen kofi mai tsabta, wanda ba sauran sabulu a ciki. Sai a lokacin za ki yage ledar. Riƙe tsinken ta gefen mai launi, ki tsoma ɗaya gefen mai kibiyoyi. Akwai layi da aka rubuta MAX a jikinsa, kada fitsari ya haura shi. Bayan 'yan daƙiƙu, gwargwadon yadda takardar ta ce, ki ciro ki kwantar da shi a busasshen wuri. Duba agogon waya ki jira minti 5.

Yanzu sai karatu. Layi na sama, wanda ya fi kusa da inda kika riƙe, shi ne shaidar cewa tsinken yana aiki. A irin mai gidan roba za ki ga an sa masa harafin C, na ƙasa kuma T. Layi ɗaya a C yana nufin ba a ga sinadarin ba. Layi biyu yana nufin akwai ciki. Idan babu layi a C, ko da an ga wani a T, gwajin ya ɓaci, a jefar a ɗauko sabo.

A aji irin wannan ba a rasa mai tambaya:

"Malama, ni fa na biyun ya fito, amma dishi-dishi, sai na kai shi bakin taga na gan shi."

"A cikin minti nawa ya fito, 'yar'uwa?"

"Ban ko gama wanke hannu ba."

"Kuma da ɗan ja-ja a jikinsa?"

"E, kaɗan."

"To wannan ciki ne, ƙarami ne dai. Ki sake bayan kwana 2 ko 3, za ki ga ya ƙara fitowa. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne na wadda ta ajiye tsinke a ƙarƙashin filo, ta dawo bayan la'asar ta ga wani layi fari-fari mara launi. Wannan sawun bushewar fitsari ne. Duk abin da ya fito bayan minti 10 ba a karanta shi."

Layi biyu ba kasafai yake ƙarya ba. Inda yakan ruɗar shi ne bayan ɓari ko haihuwa, domin sinadarin yakan yi makonni kafin ya gama fita daga jiki, sai kuma matar da ake yi wa allurar neman haihuwa mai ɗauke da hCG. Ƙwayoyin tazarar haihuwa da farasitamol da maganin zazzaɓi ba sa canza sakamako. Gwaje-gwajen da ake yaɗawa a waya kuwa, na zuba gishiri ko sukari ko man goge baki a fitsari, ba su da tushe ko kaɗan. Ɓata gishiri ne kawai.

Abin da tsinke ba zai gaya miki ba

Ba zai faɗi watannin cikin ba, ba zai faɗi ko yana da lafiya ba, kuma ba zai faɗi inda ya zauna ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai haɗari. Wani lokaci ciki kan zauna a wajen mahaifa, galibi a cikin bututun da ƙwai ke bi, kuma tsinke zai nuna layi biyu kamar kowane ciki. Idan bututun ya fashe, jini na zuba ne a cikin ciki inda ido ba ya gani. Matar da ta yi ɓatan wata ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri da neman suma, ko ciwo a saman kafaɗa, ko zubar jini, asibiti za a kai ta a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Ba a jira gari ya waye, ba a tsaya jiƙa magani. Haka ma wadda amai ya hana ta riƙe ko ruwa.

Idan kuma wata 2 ko 3 suka wuce babu al'ada, tsinke yana ta cewa babu, kada a zauna a kan cewa ciki ne ya kwanta. A je a yi gwajin jini da hoton ciki a san dalili.

Bayan layi biyu

Kunya kan sa mace, musamman mai cikin fari, ta ɓoye har sai zani ya tona. Ba sai kin sanar da dangi ba, amma ma'aikaciyar asibiti ta sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo cikin makonni 12 na farko, kuma a je aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Dalilin saurin shi ne ƙwaƙwalwa da lakar jariri suna haɗuwa ne tun a watan farko, kuma ƙaramar ƙwayar folik asid da ake bayarwa tana rage haɗarin su samu tawaya. Za a auna jininki, a ba ki maganin ƙarin jini, a faɗa miki lokacin fara shan rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ba a bayarwa sai ciki ya wuce wata 3. Daga yau kuma, duk maganin da za ki sha, na kemis ne ko na gargajiya, ki fara cewa "ina da juna biyu" kafin ki karɓa. Tambayar farko da za a yi miki a wurin awo ita ce yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe, don haka ki tafi da littafinki.

Aikin aji

1. Rubuta waɗannan a littafinki, ki faɗi ma'anar kowanne: C, T, MAX, EXP.
2. An rubuta EXP 03/2026 a jikin leda. Wane wata ke nan, a wace shekara?
3. Mace ta fara al'ada ran 2 ga Yuni, tazararta kwana 28. Wace rana za ta fara gwaji? In ya nuna layi ɗaya, wace rana za ta sake?
4. Ku tattauna biyu-biyu: maƙwabciyarki ta yi ɓatan wata, da daddare ta aiko cewa gefen mararta na ciwo kuma tana ganin jiri, maigidanta ya yi tafiya. Wa za ki fara kira, kuma da me za ku tafi asibiti?