Babi na 6: Masu taimakon saiwa a gonar da ta yi kanwa

Darasi na 1

'Yan uwa, duk mai noman rani, kamar na Kadawa ko Bakolori, ya san farin abin nan da ke fitowa a kan kunya idan ƙasa ta bushe. Gishiri ne, wanda ake kira kanwa. Yana hana saiwa shan ruwa, shi ya sa shuka ke yaushi ko da an yi ban-ruwa jiya.

A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasunsu suna shiga saiwar wake da gyaɗa da waken soya, suna samar wa shuka irin abincin da ke cikin takin yuriya. Daga iska suke ɗauko shi. Gishiri yana rage su.

Ku tona shuka ɗaya ta wake ko gyaɗa ko waken soya idan ta fara fure. Ku tona, kada ku fizga. Za ku ga ƙananan ƙullutai a jikin saiwa. Ba cuta ba ce, gidan waɗannan halittu ne. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa jaja-jaja ne, suna aiki. In fari ne ko kore, ba sa yi.

Darasi na 2

Ana sayar da waɗannan halittu a leda, kamar baƙin gari. Na waken soya akwai Nodumax, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yi. Ku jiƙa ƙaro a ruwa, ku yayyafa wa iri ya ɗan yi danshi, ku zuba garin, ku cakuɗa har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Yawan garin yana jikin leda. Wanda karatunsa bai kai ba ya tambayi malamin gona, babu kunya a ciki.

Sai shanya. A INUWA. Rana tana kashe su, domin masu rai ne. Ba kan rufin kwano ba, ba tsakar gida ba. A zaure ko ƙarƙashin bishiya. Baba, a ina za a shanya? A inuwa. Madalla. Inna, ke fa? A inuwa. Kowa ya rubuta a littafinsa: i-nu-wa. A sake rubutawa.

Duk shekara sai an sami wanda ya baza irinsa a rana wai don ya bushe da wuri, sannan ya dawo yana cewa garin jabu ne. Haba jama'a! Kuɗinku ne fa kuke ƙonawa. Ita ma ledar kada a bar ta a rana, ko a kan babur ana hira a kasuwa. A shuka a ranar da aka cakuɗa, a rufe rami nan take.

Darasi na 3

Ku zuba takin gargajiya da ya ruɓe, shi ne abincin halittun ƙasa. Kada ku ƙona karmami a gona.

Darasi na 4

A gyara magudanar ruwa don gishiri ya sami hanyar fita. In kanwa ta yi yawa, garin halittun nan ba zai yi komai ba.