Kurakuran da Ake Ta Maimaitawa Kan Gwajin Harfis da Yaɗa Ta ga Abokin Zama

Na gaji da ganin takardar gwaji tana jefa mutanenmu na Agege da Mayil 12 a Legas cikin tashin hankali, alhali abin da ya fi cutar da su rashin sanin karanta takardar ne. Cutar da likitoci ke kira harfis, wadda ke fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa a leɓe ko a al'aura, iri biyu ce, HSV-1 da HSV-2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ta farko, yawancinsu tun ƙuruciya, sannan kusan miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ta biyu, kuma galibinsu ba su sani ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne dogaro da gwajin jini na IgM, wato wani sinadarin kariya da jiki ke samarwa idan cuta ta shige shi. Wasu ƙananan ɗakunan gwaji a Legas suna cusa shi cikin abin da suke kira cikakken gwajin ciwon sanyi, kuma idan ya nuna akwai, sai ma'aikacin ya ce wai sabon kamu ne. Wannan magana ba ta da tushe. IgM ba ya bambance HSV-1 da HSV-2, yana iya bayyana ga wanda ya kamu tun shekaru da yawa, shi ya sa hukumar CDC ta Amurka ta ce kada a yi amfani da shi. Wani ɗan ƙanwar mahaifiyata mai sayar da albasa, wanda ni na shige masa gaba wajen neman aure, ya zo mini da irin wannan takarda a ninke cikin aljihun riga, ta jiƙe da gumi, bayan ya riga ya ɗora matarsa a mota zuwa gidan iyayenta. Na ce masa takardar ba ta nuna ranar kamuwa, ba ta kuma nuna wanda ya shafa wa wani, sai ya ce, "Yaya, ai takarda ba ta ƙarya." Daga baya gwajin da ya dace ya nuna HSV-1 kaɗai, irin wadda tsofaffinmu ke cewa zazzaɓi ne ya fito a baki. Matar ta ƙi dawowa, kuma ban ga laifinta ba. Wanda zai jefi matarsa da zargin zina a kan gwajin da bai san sunansa ba, ya ji tsoron Allah, domin babu gwajin harfis ko ɗaya da ke iya shaidar cin amana. Mutum na iya ɗauke da ita shekara goma ƙuraje ba su taɓa fito masa ba.

Gwajin jinin da ake yarda da shi IgG ne mai bambance iri biyun, amma shi ma yana da tarko. Akwai lamba a gefen sakamakon, kuma idan ta HSV-2 ta faɗa tsakanin 1.1 da 3.0, sau da yawa ƙarya ce, musamman ga mai ɗauke da HSV-1. Ɗabi'ata ita ce ba na barin kowa ya gaya wa iyalinsa komai a kan lamba ƙasa da 3.5 sai an tabbatar da wani gwaji na daban, kuma nakan tura mutum asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja ya ga likita, ba kemis ba. Akasin haka ma kuskure ne: wanda ya yi gwaji mako guda bayan mu'amala ya ga babu, ya yi murna da wuri, domin jiki kan ɗauki har mako 12 kafin alamar ta bayyana a jini.

Idan ƙurji ya fito, a bar maganar jini, a je cikin kwana biyun farko a dangwali ruwansa da auduga don gwajin PCR, mai gano ƙwayar cutar kai tsaye. Jiran ya bushe, ko shafa masa man zafi da toka, yana ɓata samfurin.

Sai batun yaɗawa, inda masu ilimi ma ke tuntuɓe. Ana zaton idan fata ta warke babu haɗari, amma bincike ya nuna masu HSV-2 da ba su taɓa ganin ƙurji ba suna fitar da ƙwayar a kusan kwana ɗaya cikin goma, masu yawan ƙuraje kuwa kwana biyu cikin goma. Duk da haka ba hukunci ba ne cewa abokin zama sai ya kamu. A wani bincike da aka wallafa a 2004 a kan ma'aurata da masoya kusan 1,500, shan maganin balasaikilobir da mai cutar ke yi kullum ya rage kamuwa daga kashi 3.6 cikin ɗari zuwa 1.9 a wata takwas. Kwaroron roba yana ƙara kariya, ya fi kare mace daga namiji, amma ba ya rufe duk fatar da ƙwayar ke fita. Shawarata a ƙaurace wa shimfiɗa tun daga ƙaiƙayi ko zugin da ke riga ƙurji fitowa har fata ta koma daidai, kuma mai mata fiye da ɗaya ya sani cewa ɓoye wa ɗaya cutar da sauran ne.

Ba a ɗaukar harfis a masai, don haka a daina ɗora wa bayin haya laifi. Maganin gargajiya da ake talla da lasifika a tasha ba ya fitar da ita daga jijiya, haka ma allurar kashe ƙwayoyin bakteriya. Duk mai HSV-2 ya yi gwajin HIV, domin tana ninka haɗarin kamuwa kusan sau uku.

Wanda ba na sassauta wa shi ne mijin mai ciki. Idan mace ta kamu a karon farko dab da haihuwa, haɗarin jariri ya kan kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, alhali ga wadda ta daɗe da cutar bai kai kashi 1 ba. Don haka mijin da ya san yana da ita, matarsa kuma ba ta da ita, ya haƙura da kusantarta a watanni ukun ƙarshe, har da ta baki idan ƙurajensa na leɓe ne. Wadda ta san tana da ita ta faɗa a wurin awo tun zuwan farko, domin likita kan fara ba ta maganin asaikilobir daga mako na 36, kuma idan ƙurji ya fito ranar naƙuda, tiyata ake yi a ciro jaririn.