Ku riƙa duba soket ɗin da kuka jona na'urar ƙara ƙarfin Wi-Fi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu amfani da 'yar na'urar nan ta ƙara ƙarfin Wi-Fi, wadda ake sokawa a bango kai tsaye, don Allah ku riƙa duba soket ɗin. Tamu a nan Tudun Wada, Gombe, ta ƙona mana ɗaya. Ƙaurin roba ne ya tashe mu cikin dare, gefen soket ɗin har ya yi baƙi.

Ba yawan jan wuta ba ne, ko kusa da dutsen guga ba ta kai ba. Nauyinta ne matsalar. Tana rataye dare da rana, a hankali ƙafafunta su saki, wuta ta riƙa tartsatsi daga ciki, ga kuma zafin Afrilu. Mai ƙafa biyu da ake cusawa a soket mai rami uku ta fi saurin yin haka.

Ku riƙa taɓa ta. In da zafi sosai ko tana lilo, ku kashe makunni, ku cire, mai gyaran wuta ya canza soket ɗin. Kada a ɗaure da salatif, kuma kada a jona ta bayan labule ko katifa. In an ɗauke wuta ku kashe ta, sai wutar ta dawo ta daidaita.