Yadda ake tafiyar kwana huɗu zuwa Machu Picchu a keke da ƙafa

Machu Picchu kufan birni ne da Inkawa suka gina a tsaunukan Andes na ƙasar Peru wajen shekarar 1450, zamanin sarkinsu Pachacuti. Baƙi da yawa jirgin ƙasa suke bi, su leƙa su dawo. Ni kuwa na fi ba mai lafiya shawarar hanyar kwana huɗu, wadda ake farawa da keke daga saman dutse, a ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin kofi da ayaba. Ba sai kana ɗan tsere ba. Gaggawa ce kaɗai ke kayar da mutum a wannan hanya.

Tun kana gida, zaɓi lokaci. Raninsu daga watan Mayu ne zuwa Satumba. Daga Nuwamba zuwa Maris damina ce, ƙasa na zaftarewa ta toshe hanya. Sayi tikitin shiga kufan da wuri, domin a ƙayyade yake, kuma ana rubuta sunanka da lambar fasfonka da sa'ar shigarka. Ka nemi biza, ka riƙe katin rigakafin shawara, ka kuma yi ciniki da kamfanin jagora mai rajista wanda zai ba da keke da masauki.

Da ka sauka Kusko, birnin da ake fara tafiyar daga cikinsa, zauna. A nan mutane suka fi yin kuskure. Garin yana kan tsayin mita 3,400 ne daga teku, alhali Jos da muke ganin ta yi sama ba ta wuce kimanin mita 1,200 ba. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu. Za ka hau matakala goma ka tsaya kana haki kamar ka yi noman wuni, kai na sarawa, barci ya ƙi zuwa. Mutanen ƙasar suna kiran wannan ciwo soroche. Ba jikinka kwana biyu ko uku: sha ruwa sosai, ci abinci mara nauyi, yi tafiya a hankali. Za a miƙo maka shayin ganyen koka, abin shansu ne na yau da kullum, amma kada ka kuskura ka sa ganyen a jaka za ka dawo, don haramtacce ne a yawancin ƙasashe. In numfashi ya ƙi daidaita ko kana kwance, a ga likita, a ɗage tafiya.

Ranar farko mota za ta ɗauke ku ta garin Ollantaytambo har mashigar Abra Malaga, sama da mita 4,300. Sanyi ne mai ratsa ƙashi, sau da yawa ga hazo. Kafin ka hau keken, matsa birki na gaba da na baya, tura shi ka ga ya kama. In bai yi maka ba, ka ce a canja, ba abin kunya ba ne. Sa hular kwano da safar hannu. Hanyar kwalta ce, kusan duka gangara, kuma akwai manyan motoci a kwanoni, saboda haka riƙe hannun dama. Kama birki biyun tare, kaɗan-kaɗan. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai zai tsinci kansa a ƙasa. Akwai wuraren da rafi ke ratsa titi: rage gudu tun kafin ka shiga ruwan. Kana sauka kana tuɓe riguna, har ka isa Santa Mariya cikin zafi da ƙamshin ciyayi.

Rana ta biyu ta fi wuya, tafiyar ƙafa ce ta awa bakwai ko fiye. Wani yanki tsohuwar turbar Inkawa ce a jikin dutse, siririya, ga kogi can ƙasa yana ruri. Kalli inda kake taka ƙafa, in za ka ɗauki hoto ka tsaya cak. Sa dogon wando ka shafa maganin sauro, domin akwai wasu 'yan ƙananan ƙwari da cizonsu ke ƙaiƙayi har mako. Da yamma sai maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Cocalmayo kusa da Santa Teresa, inda gwiwa ke samun sa'ida.

Batun ci: faɗa wa jagora tun farko ba ka cin naman alade. Kifi da ƙwai da dankali da masara suna nan wadatacce. Chicha ta masara mai tsami giya ce, ka tambaya kafin ka sha.

Rana ta uku sauƙi ce. Daga tashar lantarki ta Hidroelectrica ku bi gefen layin dogo kimanin kilomita 10 zuwa Aguas Calientes, garin da ke gindin dutsen Machu Picchu. Ka riƙa kasa kunne ga jirgi, ka kwanta da wuri.

Rana ta huɗu tashi da asuba. Ko ka hau bas zuwa kufan, ko ka bi matakalar dutse, wadda ake yin fiye da awa ɗaya ana hawanta. Fasfo a aljihu, ƙaramar jaka kawai, kuma ka kama ruwa a bakin ƙofa don babu bayi a ciki. Birnin yana mita 2,430, ƙasa da Kusko, numfashi ba zai dame ka ba. A hanyar zagayawa gaba kawai ake yi, ba a komawa baya, don haka kada ka yi sauri. Tsaya gaban bangon ɗakunan bautarsu ka duba yadda aka sassaƙe duwatsu aka haɗa su ba laka ba siminti, ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakani, ga magudanan ruwa har yau suna aiki. Tikitin jirgin komawa Ollantaytambo kuwa, ka yanki na yamma, don kada agogo ya kore ka daga wurin.