Ga 'Yan'uwa Sababbin Zuwa Ingila: Yadda Ake Shiga Hidimar Ƙaramar Ikkilisiya

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, da ku nake magana, musamman ku da aikin jinya ko kula da tsofaffi ko karatu ya kai ku ƙananan garuruwa da ƙauyukan Ingila, inda ba a samun majami'ar 'yan Afirka sai an yi doguwar tafiya. A irin waɗannan wurare cocin da za ku tarar galibi na Angilikan ne, tsohon ginin dutse mai hasumiya wanda kaburbura suka kewaye shi, kuma ranar Lahadi masu sujada ba sa cika rabin kujerun, yawancinsu kuma masu furfura ne. Na ga mutanenmu da yawa sun shiga sau ɗaya, sun fito suna cewa ikkilisiyar ta mutu, daga nan ba su sake taka ƙofar ba. Wannan hukunci yana ɓata mini rai ƙwarai, domin waɗannan tsofaffi 'yan kaɗan su ne suke riƙe da ginin da ya yi ɗaruruwan shekaru, da kuɗin aljihunsu da sauran ƙarfin da ya rage musu. Gwamnati ba ta biyan albashin fasto, kuma baikon jama'a ne yake ɗaukar nauyin wuta da ɗumama ɗaki da gyaran rufi, har da kason da kowace ikkilisiya take aika wa dayosis.

An raba ƙasar Ingila gaba ɗaya zuwa yankunan ikkilisiya, saboda haka duk gidan da kuka kama haya yana ƙarƙashin wani coci, ko kun sani ko ba ku sani ba. A ƙauyuka fasto ɗaya yakan riƙe coci uku ko huɗu ko fiye, don haka lokacin sujada yana sauyawa daga mako zuwa mako, sai ku riƙa duba allon sanarwa da ke bakin ƙofa. Kada ku yi mamaki idan faston mace ce, gama tun 1994 Cocin Ingila yake naɗa mata. Ayyukan yau da kullum suna hannun dattawa biyu masu kula da coci, waɗanda ake zaɓa kowace shekara, tare da majalisar ikkilisiya, kuma su ne ya kamata ku fara sani. Samun shiga wurinsu ba wuya: ku zo da wuri, domin ana farawa a kan minti kuma ana tashi cikin kamar awa ɗaya, sa'an nan ku tsaya shan shayi bayan an sallami jama'a, gama a nan ne ake sanin juna, a nan ne kuma ake neman masu taimako.

Yawancinmu muna sauka a watan Satumba, wato daidai lokacin godiyar kaka, wadda ake yi a ƙarshen watan ko farkon Oktoba. Ana ƙawata coci da amfanin gona, amma abin da aka fi so ku kawo shi ne abincin gwangwani da busassun kaya waɗanda ba sa lalacewa, domin bayan sujada ana kai su wurin da ake raba wa mabukata abinci kyauta. Wanda ya tsaya ya taya ɗaukar kwalayen zuwa mota, ba za a manta da fuskarsa ba. A Lahadi ta biyu ta Nuwamba kuma ana tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙe. Kowa yana maƙala jan fure a ƙirji, ana taruwa gindin dutsen da aka rubuta sunayen 'yan garin da suka rasu, kuma da ƙarfe 11 ana yin shiru na minti biyu, domin a wannan sa'a ce aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Farko ranar 11 ga Nuwamba, 1918. Ku kashe wayoyinku, ku riƙe yaranku, kuma kada ku ɗauka ranar ba ta shafe ku ba. Sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen da yawa daga cikinsu, sun yi yaƙi a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a runduna ta 81 da ta 82, kuma ina tsayawa a wurin ina tuna su.

Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, duhu yana fara cin yini, har a Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Wannan ne lokacin da kaɗaici yake kama baƙo, kuma shi ne lokacin da coci ya fi bukatar hannu. Lahadi huɗu kafin Kirsimeti ake shiga shirin Zuwan Almasihu, ana kunna kyandir ɗaya kowane mako. Akwai sujadar waƙoƙin Kirsimeti da karatu tara daga Littafi Mai Tsarki, akwai sujadar tsakar dare, akwai kuma ta yara da ake kira Christingle, inda ake ba kowane yaro lemo da aka ɗaura masa jan ƙyalle aka kafa kyandir a kansa, kuɗin da aka tara kuma ya tafi ga ƙungiyar da take taimakon yara marasa galihu. Ana bukatar masu raba takardun gayyata gida gida, masu jera kujeru, masu wanke kofuna, da masu waƙa. A fannin waƙa kuwa ina alfahari da mutanenmu, domin na ga ƙungiyar mawaƙan da ta kusa watsewa ta farfaɗo saboda iyali ɗaya daga cikinmu sun shiga.

A wannan lokaci ne zuciya take motsawa mutum ya ce zai taimaka wajen yara, kuma a nan ne ciwon yake. Ni na koyar a makarantar Lahadi shekaru masu yawa kafin in zo ƙasar nan, kuma da na miƙa kaina, maimakon a nuna mini aji sai aka miƙo mini takardu, aka ce ba zan zauna da yara ba sai an gama bincike a kaina. Na koma gida zuciyata a ƙuntace, ina jin kamar an kira ni mugu saboda launin fatata, kuma abin ya daɗe yana cina kafin in ga cewa tsohuwar da aka haifa a ƙauyen, wadda ta yi renon rabin mutanen garin, ita ma tana cike irin takardun nan duk bayan shekara uku. Abin yana da tushe mai ɗaci. An ci zarafin yara a cikin coci-coci shekara da shekaru, shugabanni suka rufe, kuma rahoton da kwamitin bincike mai zaman kansa ya fitar a kan Cocin Angilikan a Oktoban 2020 ya nuna cewa an fifita sunan coci a kan lafiyar yara. Saboda haka yanzu kowace ikkilisiya, komai ƙanƙantarta, tana da jami'in kare yara da raunana, kuma ko fasto ba shi da ikon ya ce a ƙyale wani don ya yarda da shi.

Ga yadda abin yake tafiya. Za ku cike takardar neman aikin, da wata ta sirri inda za ku faɗi ko an taɓa kama ku da laifi, ku ba da sunayen mutum biyu da za su shaide ku, ku yi horon kare yara ta intanet, sa'an nan a nema muku takardar hukumar DBS, wadda take duba tarihin laifi. Ga mai aikin sa kai hukumar ba ta karɓar kuɗi. Wahalar baƙo ita ce, za a nemi adireshin duk inda kuka zauna cikin shekara biyar da suka wuce ba tare da giɓi ba, da takardun shaida na asali, ɗaya daga cikinsu mai ɗauke da sunanku da adireshinku na yanzu, kamar takardar banki ta kwanan nan ko ta harajin ƙaramar hukuma. Wanda yake zaune a ɗakin da mai aikinsa ya ba shi, ko yake raɓe a gidan wani, sau da yawa ba shi da ko ɗaya, don haka tun makon farko ku sa sunanku a kan wata takarda ta hukuma. Ku lura kuma da rubutun sunayenku. Idan fasfo ya jera su wata hanya, banki ya jera wata, ko kuma akwai sunan da kuka taɓa amfani da shi ba ku ambata ba, takardar za ta dawo a sake daga farko. Na ga wata 'yar'uwa da ta rasa dukan lokacin Kirsimeti saboda harafi ɗaya da ya bambanta.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne takardar gida. Hukumar DBS ba ta ganin abin da ya faru a wajen Birtaniya, saboda haka wanda bai daɗe da zuwa ba za a nemi ya kawo shaidar 'yan sanda ko ta kotu daga ƙasar da ya fito, mai nuna cewa ba shi da tarihin laifi. Neman wannan takarda daga nesa ya cinye mini watanni, ina kiran waya ina aika saƙo ina roƙon dangi su bi mini sawu, yara kuma suna wuce ni kowace Lahadi zuwa ajinsu. Wanda bai taso ba tukuna ya karɓi tasa kafin ya hau jirgi, wanda kuma ya riga ya nemi ɗaya saboda biza ya adana ta da kyau ya nuna wa jami'in. Ina roƙonku da babbar murya, kada ku bi ta hannun wanda ya ce zai haɗa muku takarda cikin kwana biyu. Takardar jabu ɗaya za ta iya jawo muku asarar aiki da biza, ta kuma shafa wa duk wanda zai zo bayanku baƙin jini. Idan takardar DBS ta fito, ku yi rajistar sabunta ta a intanet cikin kwana 30, wannan ma kyauta ce ga masu aikin sa kai. Bayan an karɓe ku, dokokin ba su ƙare ba: babba ɗaya ba ya kaɗaita da yaro, ba a ɗaukar ɗan wani a mota ba tare da an tsara ba, ba a ɗaukar hoton yara a watsa, kuma ba a ɗaga wa yaro hannu ko da wasa.

Akwai kuma batun biza, wanda ɗalibai suke wasa da shi har abin yana ba ni tsoro. Hukumar shige da fice ta bambanta taimakon da mutum yake yi don ransa, ba alkawari ba tilas, da aikin da ba a biya amma yana da sa'o'i tsayayyu da wajibai kamar na ma'aikaci. Na biyun yana shiga cikin awa 20 da aka yarda wa ɗalibin digiri ya yi aiki a mako lokacin karatu. Kafin ku karɓi wani matsayi mai tsayayyen lokaci, ku tambayi ofishin ɗalibai na jami'arku, kuma kada ku karɓi kuɗi a hannu da sunan na gode, sai dai a mayar muku da abin da kuka kashe bisa rasit. Haka nan za a ba ku ambulan baiko mai wurin sa hannu na Gift Aid, tsarin da yake ba coci damar karɓo ƙarin fam 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam 100 da aka bayar. Wannan na masu biyan haraji ne kaɗai. Wanda bai biya harajin da ya kai haka ba ya sa hannu, shi hukuma za ta bi bashi.

Yayin da kuke jiran takardu, aiki bai ƙare ba. Daga Larabar Toka ake shiga azumin kwana arba'in, ana kwashe furanni daga coci, wasu ikkilisiyoyi kuma suna yin ƙananan tarurrukan nazari a gidaje, inda na fi sanin mutane fiye da ko'ina. Lahadi ta huɗu a cikin azumin ta iyaye mata ce, yara suna raba musu furanni. Ranar Asabar ta kafin Ista ana share coci ana ƙawata shi daga ƙofa har bagade, kuma duk wanda ya zo da tsintsiya ana maraba da shi. A watan Mayu akwai makon tara kuɗi na ƙungiyar agaji ta Christian Aid, daga nan kuma sai yankan ciyawar maƙabarta da bikin tara kuɗi na tsakiyar shekara, wanda a wasu ƙauyuka shi ne yake biyan gyaran ginin.

Abin da nake so ku sa a ranku tun yanzu shi ne rajistar 'yan ikkilisiya. Wanda aka yi masa baftisma, ya kai shekara 16, kuma ya yi wata shida yana zuwa sujada a kai a kai, yana da damar a rubuta sunansa, ko da daga wata ɗariƙa ya fito. Da wannan ne yake samun ƙuri'a a babban taron shekara, wanda dole a yi shi kafin Mayu ya ƙare, inda ake karanta lissafin kuɗi a fili kuma ake zaɓen 'yan majalisa. Mutanenmu suna ƙin zuwa wannan taro, sa'an nan su yi gunaguni cewa ba a damawa da su.

Ina jin kunya idan na ga wanda ya zo Lahadi biyu kacal ya tare fasto yana neman wasiƙar shaida zuwa ga mai gidan haya, ko ta sa yaro a makarantar coci, ko ta hukumar shige da fice. Fasto ba zai rubuta abin da bai gani da idonsa ba, makarantu kuma suna tambayar tsawon lokacin da iyali suka yi suna zuwa sujada. Shawara a kan biza ma ba hurumin fasto ba ce, domin a ƙasar nan laifi ne wanda ba shi da izini ya ba da ita, iyakarsa ya tura ku wurin lauya ko ofishin ba jama'a shawara na Citizens Advice. Wanda aka saba ganinsa wajen wanke kofuna da ɗaukar kwalaye, ranar da ya bukaci masu shaida biyu don takardar neman aiki ko don sabon gidan haya, dattawan coci ne da kansu suke cewa a sa sunansu.