Yadda na miƙar da takardun ado da suka nannaɗe mini a tafiya

Na sayo takardun washi guda 12 a tafiya, irin na Japan ɗin nan da ake yi da ɓawon bishiyar kozo, masu zanen ruwan zinare, na naɗe su tamau na cusa a kwali mai siffar bututu. Da na dawo gida ko ɗaya ta ƙi kwanciya, ina sakewa sai ta sake naɗewa.

Na fara gwada naɗe ɗaya ta baya, sai ta yi layin karaya. Na sa wa wata dutsen guga, zinaren ya dusashe, wannan kam ta ba ni takaici sosai.

Abin da ya yi aiki danshi ne, ba zafi ba. Na shimfiɗa tawul mai ɗan laima a ƙasan babbar roba mai murfi, na ɗora raga a sama yadda takarda ba za ta taɓa ruwa ba, na jera uku uku na rufe awa 2. Da suka yi laushi sai na sa kowacce tsakanin fararen takardu biyu, na ɗora katako da littattafai masu nauyi. Bayan awa 3 na canza fararen saboda sun tsotse danshin, sannan na bar su kwana 2.

Alhamdulillah, goman da suka rage duk sun miƙe sumul.